Kafin Ka Ɗaure Kaya Zuwa Nebraska

Ɗana, assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kai da surukata da yara.

Saƙonka ya iso ni tun ranar Talata. Da gangan ban amsa maka a waya ba, don maganar ta fi ƙarfin "to" ko "a'a". Ka ce an ba ka aiki a Grand Island ta jihar Nebraska, kana son barin Niyok, amma wasu cikin 'yan'uwa suna cewa ba al'adarmu ba ce mutum ya kwashi iyalinsa daga inda dangi suke ya kai su inda ba shi da kowa. Kana tambayata ko haka abin yake, tunda na yi shekara 14 a Garden City ta Kansas, wadda ita ma ƙaramin gari ce a irin wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Masu wannan magana ba ƙarya suka yi ba, amma rabi suka faɗa. Kakanninka fatake ne, sun yi ta barin gida suna zama inda arziki ya kira su, ba wanda ya ce sun saɓa al'ada. Abin da al'ada ta ƙi shi ne zama babu mutane. Shi ya sa baƙo in ya sauka gari, kafin ya kwance kaya sai ya nemi mai masauki, ya san liman, ya gaisa da maƙwabci na dama da na hagu. To tambayar da ta kamata ka yi wa kanka ita ce: ranar da matarka ta fara naƙuda da tsakar dare, ko ranar da aka yi maka rasuwa, ƙofar wa za ka buga? In kana da amsa, ko kana da niyyar nemo ta da ƙafarka, tafiyarka ba ta da aibi.

Zancen araha ba zan daɗe a kansa ba, don na san shi ya fara jan hankalinka. Gaskiya ne, abin da kake biya na ɗaki biyu a Niyok zai kama maka gida sukutum da filin da yara za su yi guje-guje. Minti goma ka isa wurin aiki. Ba neman inda za ka ajiye mota. Sai dai ka sani Nebraska tana karɓar harajin albashi, harajin gida kuma yana da nauyi a can, sannan mota ɗaya ba za ta ishe ku ba. Ka lissafa duka kafin ka yi murna.

Abin da ba wanda zai iya kwatanta maka shi ne sararin. Ranar da na fara tuƙi a yammacin Kansas na yi kusan awa guda ban ga tudu ba, ba itace sai jefi-jefi, gonar alkama ta haɗe da sama ta kowace kusurwa. Rumbun hatsin gari kake fara hangowa tun kana nesa da mil goma. Iska kuwa ba ta hutu. Tana kaɗawa da safe, tana kaɗawa da dare, har ka saba da kukanta a jikin taga. Grand Island gari ne na mutum dubu 50 da 'yan kai, kuma daga nan zuwa Omaha tafiyar awa biyu ce da wani abu a kan babbar hanyar I-80. Mu daga Garden City sai mun yi fiye da awa uku kafin mu kai Wichita. Duk abin da ya fi ƙarfin garinku, ko babban likita ne ko jirgin da zai kai ka nesa, sai ka yi wannan tafiya, wani lokaci cikin dusar ƙanƙara.

Yanayin wurin ba a yi masa wasa. A shekarar 1936 kaɗai, jihar Dakota ta Arewa, wadda ita ma ke cikin wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ta ga sanyin da ya kai digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, ta kuma ga zafin digiri 49. Daga Afrilu zuwa Yuni lokacin mahaukaciyar guguwa ne. Garin da za ka je ɗin nan, a daren 3 ga Yuni 1980 guguwa bakwai suka afka masa, mutum biyar suka rasu. Greensburg ta Kansas kuwa, ranar 4 ga Mayu 2007 guguwa ɗaya ta share kusan garin baki ɗaya. Saboda haka kada ka kama gidan da ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko da kyauta aka ba ka. Ka koya wa yara cewa in jiniyar gari ta yi kuka ba a tsayawa neman takalmi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don shi ne ainihin amsar tambayarka. Mutanen can suna da al'adar maƙwabtaka mai ƙarfi, amma kamarta daban da wadda ka sani, kuma in ba ka gane ta ba za ka yi shekara biyar kana cewa ba su son mutane.

Hunturunmu na farko, na tashi sallar asuba na leƙa waje, sai na ga an share dusar ƙanƙarar da ke hanyar ƙofar gidanmu tas, har bakin titi. Ban san wanda ya yi ba. Sai a karo na uku na kama shi, wani tsoho ne maƙwabcinmu, da hular ulu da shebur, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi. Na fito ina ta godiya, ya ɗaga hannu kawai ya ce ba komai, ya juya. Daga baya na gane sharar nan dokar gari ce a kan kowane mai gida, shi kuma ya ga baƙo ne bai sani ba, ya ɗauke min ba tare da ya kunyata ni ba. Mutumin nan mun yi shekara biyu bai taɓa cewa in shigo falonsa ba, ni kuma ina ta jin abin a raina. Da matarsa ta rasu, Innarku ta dafa abinci muka kai, muka tarar da teburinsa cike da kwanukan maƙwabta, don su ma haka suke yi in an yi mutuwa ko haihuwa. Tun daga ranar ya zama kamar uba a gare mu. Shi ya koya min abin da zan riƙa ajiyewa a but ɗin mota da hunturu: bargo, tocila, ruwa, da ƙaramin shebur.

Haka suke. Ba sa yawan gaisuwa mai tsawo, ba a faɗo musu gida ba sanarwa, kuma tambayar mutum albashinsa ko dalilin rashin haihuwarsa babban abin kunya ne. Amma in motarka ta mutu a hanya, ta farko da za ta wuce za ta tsaya. In kun yi kiciɓis a hanyar ƙauye, direba zai ɗaga yatsa ɗaya ko biyu daga kan sitiyari, gaisuwa ke nan, ka mayar masa. Na ga shekarar da wani manomi ya kwanta asibiti ana dab da girbi, maƙwabtansa suka jero motocin girbinsu suka cire masa alkamarsa cikin yini guda, ba wanda ya karɓi ko kuɗin mai. Wannan ai gayya ce, sunan ne kawai ba su sani ba. Ƙasar ce ta koya musu. Kakanninsu da yawa sun zo ne bayan dokar 1862 da ta ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara biyar, suka sha fari da guguwar ƙura ta shekarun 1930, suka gane wanda ba shi da maƙwabci ba ya kai labari.

Sai dai ba za su zo su jawo ka ba, kai za ka kai kanka. Wurin haɗuwarsu coci ne, kai kuma ba can za ka ba, don haka sai ka nemi sauran ƙofofin. Ka je taron iyayen yara a makaranta. Daren Juma'a da kaka ka je kallon ƙwallon 'yan sakandare ko da ba ka gane wasan ba, rabin gari yana can. Ka je baje kolin amfanin gona na shekara. In ana neman masu aikin sa-kai ka ba da sunanka. Ka yanke ciyawar ƙofar gidanka a kan lokaci, don da ita ake fara auna mutum. In an yi Sallah ka aika wa maƙwabta da abinci, ka gaya musu abin da ake biki. Zumunta a ƙafa take, a can ma haka ne.

Ƙaramin gari kuma ido gare shi. Kowa ya san motarka, ya san inda ta kwana. Alherinka zai zaga gari cikin mako guda, kuskurenka ma haka. Ga yara wannan gata ne, don ɗanka ba zai yi abin banza a bayan makaranta labari bai riga shi isowa gida ba. Amma shi ne zai zama baƙin yaro ɗaya ko biyu a ajinsa, shi za a riƙa tambaya me ya sa ba ya cin naman alade. Harshenmu kuwa in ba ku dage da shi a cikin gida ba, shekara uku ta isa ya zube daga bakinsu, don ba wanda za su ji yana yi a waje.

Ba zan ɓoye maka ɗaya fuskar ba. Mayankan shanu ne suka kawo baƙi garuruwan nan, 'yan Meziko da Biyetnam da Somaliya da Sudan, kuma ba kowa ya yi maraba da su ba. A Grand Island ɗin, cikin azumin 2008 an yi rikici a wata mayanka kan ba ma'aikata Musulmi lokacin sallar magariba. A Garden City, cikin Oktoban 2016 aka kama mutum uku da suka shirya tayar da bam a gidajen da Somaliyawa ke zaune, inda masallacinsu yake. Kotu ta ɗaure su shekara 25 zuwa 30. Na riga na bar garin lokacin, amma na yi kwanaki ban yi barcin kirki ba, don na san layin. Ka kuma riƙe wannan: wanda ya tona asirinsu ga hukuma ɗan yankin ne, Bature, da ya ji abin da ake ƙullawa ya kasa yin shiru. Duka biyun suna nan a ƙasa ɗaya. Game da sallarka, ka yi maganar Juma'a da shugabanka tun kafin ka sa hannu a takardar aiki, a rubuta, kada ka bari sai ka fara.

Musulmi ba baƙi ba ne a wannan sarari kamar yadda ake zato. A wani ɗan ƙauye da ake kira Ross a Dakota ta Arewa, manoma 'yan Siriya da Lebanon sun gina masallaci tun 1929, da maƙabartarsu a gefe. Na ambaci maƙabarta da gangan. Yaro ba ya son wannan zance, amma shi ne farkon abin da babba yake tambaya. Ka je masallacin garin, ka zauna da dattawan Somaliyawa da na Sudan, ka tambaye su wa yake wanka, ina ake binnewa, awa nawa ake ɗauka kafin a sami takarda. Yawancin maƙabartun Amurka suna sa a zuba akwatin kankare a cikin kabari, su za su nuna maka yadda suke bi da wannan. Waɗannan mutane su ne danginka a can, ko da ba ku jin harshen juna sai da Turanci.

Saura magana mafi nauyi, surukata. Kai za ka fita da safe ka ga mutane, ita za a bari da bango huɗu da kukan iska. Wata rana a shekararmu ta farko na dawo aiki na tarar da Innarku a tsaye bakin taga, ba ta kunna fitila ba, tana kallon titin da ba kowa a kai. Ta ce min yau kwana tara ba ta yi magana da wani babba ba in ba ni ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, don ni na kai ta, kuma ban lura ba. Abin da ya cece mu shi ne lasin tuƙi. Da ta fara fita da kanta, ta shiga ajin Turanci, ta haɗu da matan Somaliya da na Meziko, sai ta dawo mutum. A Niyok matarka tana da jirgin ƙasa a ƙofar gida, tana da 'yan'uwan da za ta je wa suna da biki. Duk wannan za ka cire mata. Don haka shawarar nan ba taka ba ce kai kaɗai, kuma kada ka ɗauki shirunta a matsayin yarda. Ka zaunar da ita ka tambaye ta, ka bar ta ta gama magana. In za ku tafi, ta sami lasinta kafin ku tashi.

Ni dai ra'ayina ka je, amma kada ka sayi gida a shekarar farko. Ka kama haya, ku ga hunturu ɗaya da bazara ɗaya, gani ya kori ji. Ka ware kuɗin zuwa Niyok sau biyu a shekara ka sa shi cikin lissafi kamar kuɗin wuta, don kada yara su manta fuskar 'yan'uwansu. Kafin komai kuma ka kira mahaifiyarka ka nemi albarkarta da bakinka, kada ta ji a wurin wani. Su 'yan'uwan da suka yi ƙorafi ka bi su gida-gida ka yi sallama, tsoron rasa ka ne ya sa su magana.

In Allah ya sa kun tare kafin Maris, ka ɗebi yara da asuba ku je bakin kogin Platte, tsakanin Grand Island da Kearney. A watan ne wasu tsuntsaye dangin gauraka, fiye da dubu 500, suke yada zango a can kan hanyarsu ta zuwa arewa. Ku sa rigunan sanyi sosai, ku isa kafin rana ta fito, lokacin da suke tashi daga ruwa. Ni da Innarku muna so mu zo mu gani tare da ku, ka tanadar mana ɗaki.

Ka gaida surukata, ka shafa min kan yara. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.

Baffanka.