Amsa kan masu zuwa mashaya guda kullum a Ingila

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa abokan aikinka a Ingila suke komawa mashaya guda kullum, alhali akwai wasu a unguwar. A wurinsu mashayar unguwa tamkar majalisa ce, kuma wanda ya daɗe yana zuwa yana da matsayi, domin mai sayarwa ya san sunansa da abin shansa, har kujerarsa ma baƙo ba ya cika zama a kai. Abin da suka fi kula da shi shi ne sayayya bi da bi, inda kowa yake saya wa dukan teburin idan nasa ya zo, kuma wanda ya zame ba a mantawa. Tun da ba ka shan giya, ka sanar da su tun farko cewa lemonka kaɗai za ka saya.