Hukuncin ba masu bincike hayar jirgin kamun kifi a lokacin hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Alaska, ni da abokina muna da jirgin kamun kifi a Kodiak, mamari muke zubawa muna kama kifin halibut. Da hunturu ana rufe kamunsa sai Maris, jirgi ya zauna a tasha. Hukumar kula da kamun halibut, wato IPHC, takan ɗauki hayar jirage irin namu a kai masananta teku su yi bincike. Za a biya kuɗi tsayayye, an ce har da kaso daga kuɗin kifin da aka sayar. Kifin kuwa ana farke shi a lokacin da yake ɗauke da ƙwai, ga teku da hatsari. Shin ya halatta in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya halatta, da sharuɗɗan da zan ambata.

Abin da za ku ƙulla haya ce, ba cinikin kifi ba. Da kifin da ke cikin ruwa za ku sayar wa hukumar, da an faɗa cikin garari, wato cinikin abin da ba a da tabbacinsa, domin ba wanda ya san za a kama ko ba za a kama ba. Amma abin da take saya amfanin jirginku ne da ƙarfinku na wasu kwanaki sanannu. Kasancewar masu hayar ba Musulmi ba ne bai hana komai ba: Bukhari ya ruwaito cewa Khabbab ɗan Aratti ya yi wa Asi ɗan Wa'ilu aikin ƙira a Makka. Ita kuma wannan hukuma ta samo asali daga yarjejeniyar 1923 tsakanin Amurka da Kanada, ofishinta na Seattle, aikinta ƙiyasta yawan kifin don a san nawa za a kama kowace shekara. Wanda ya fita da izininta bai karya dokar rufe kamu ba.

Farke kifin ma ba laifi. Allah ya ce a Ma'ida aya ta 96 an halatta mana farautar teku da abincinta, Annabi (SAW) kuma ya ce game da teku ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Abin da aka hana shi ne kashe rai don wasa. Halibut da hunturu yake gangarawa can ƙasa a gefen tudun teku ya zuba ƙwai, don haka mai son sanin shekarun da macen ke fara haihuwa dole ya bi ta can a lokacin. Sukan ciro wani ɗan dutse fari a kunnen kifin, mai zobe-zobe kamar na kututturen itace, su ƙirga shekarunsa da shi, su auna ƙwan, naman kuma a sayar. Wanda za a saki da alama a jikinsa, a zare masa ƙugiya a hankali, domin Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai.

Inda nake so ka tsaya ka karanta takarda da kyau shi ne wajen biya. A mazhabarmu ta Malikiyya dole ladan haya ya zama sananne tun ranar ƙullawa, kason abin da ba a kama ba tukuna kuwa ba sananne ba ne. An ruwaito sassauci daga Imamu Ahmad a kan ba da abin sana'a a raba abin da ya samo. Abin da na fi natsuwa da shi: kuɗin nan tsayayye ya zama shi ne ladan, ya ishe ku mai da abincin ƙugiya da haƙƙin ma'aikata da riba ko da mamari ya fito fayau. Kason ya zama ƙari, in ya zo alhamdu lillahi. Idan kuwa ka rage farashi har ƙasa da abin da za ka kashe don ka kayar da abokan takara, kana dogaro da kifin da ba ka gani ba, to ka shigo da gararin da hannunka.

Sai kwanakin da iska ta hana fita. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai jirgi ba shi da kuɗin haya sai ya isar. Wannan a hayar kai kaya daga tasha zuwa tasha ne. Taku kuwa ko ta kwana ce ko ta yawan wuraren da aka zuba mamari, saboda haka a rubuta ƙarara: ranar da aka kwana a tasha saboda guguwa, wa zai ɗauki asararta? In inji ya lalace fa? Yawancin rigimar haya daga abin da aka bari a baki take tashi. Abokin tarayyarka ma sai da yardarsa, shi ma yana da rabo a jirgin.

Game da hatsari, Tekun Alaska da hunturu ba Tafkin Chadi ba ne. Feshin ruwa kan daskare a jikin jirgi har nauyinsa ya kifar da shi. Allah ya ce a Baƙara aya ta 195 kada ku jefa kanku ga halaka, malamai kuma sun hana hawa teku lokacin da take hauka. Ma'auni shi ne rinjayen zato. In jirginku mai jure wannan ruwa ne, da kayan ceto cikakku, fita halal ce. In masu hasashen yanayi suka yi gargaɗi, direba ya ga ba hali, zama wajibi ne ko da kuɗin ranar zai tafi. Ka tabbata takardar ta bar wannan hukunci a hannun direban jirgi.

Kifin da aka kama a wannan tafiya ba naku ba ne, amana ce. Kada a ɓoye ko ɗaya, kada a matsa daga wurin da masana suka zaɓa zuwa inda kuka san kifi ya fi yawa don kaso ya ƙaru, domin da alƙaluman nan za a yanka wa dubban masunta rabonsu. Salla kuma ka yi ta a tsaye in ka iya, in jirgi na tangaɗi ka zauna. Yinin Disamba a Kodiak bai kai awa 7 ba, Azahar da La'asar kusa suke da juna, ka sa ido. Wallahu a'alam.