Amsa ga mai tambaya kan auren ɗan Katolika da 'yar Hindu a Mangaluru

Malam, na ga tambayarka: abokin karatunka ɗan Katolika zai auri 'yar Hindu a Mangaluru, wani gari a kudancin Indiya, ya gayyace ka, kana son sanin yadda ake haɗa bikin da abin da za ka shirya. Shekara huɗu na yi a garin ina karatun harhaɗa magunguna, kuma na halarci irin wannan biki tun daga farko har kai amarya.

Da farko ka cire ran ganin limamin coci da limamin Hindu tsaye wuri guda suna ɗaura aure. Biki biyu ake jerawa, kowane gida da lokacinsa, kuma akwai maganar doka a ciki. Dokar auren Hindu ta 1955 ba ta ɗaukar auren da ɗaya a ciki Kirista ne. Shi ya sa wasu ke zuwa rajista a ƙarƙashin dokar aure ta musamman ta 1954, wadda sai an yi sanarwar kwana 30 kafin a sa hannu. Coci ma da nata sharaɗin: tunda amarya ba ta yi baftisma ba, sai bishop ya ba da izini, ango ya yi alkawarin yin iya ƙoƙarinsa ya raini 'ya'yan a kan Katolika, a kuma sanar da amarya alkawarin. Ba a tilasta mata sauya addini. Amma dokar cocin ba ta yarda a sake ɗaura auren ta hanyar wani addini ba, kuma nan gizo ke saƙar. A bikin da na je, an daɗe ana kai ruwa rana a kan wannan. Daga ƙarshe dangin ango suka ce abin da za a yi a rumfar Hindu sa albarka ne, dangin amarya kuwa a wurinsu shi ne auren. Kowa ya riƙe sunan da ya yi masa, aka zauna lafiya. Kada ka kuskura ka tambayi wani dattijo wanne ne na gaskiya.

In ka samu dama, kada ros, wato bikin shafa wa ango madarar kwakwa, ya wuce ka. Katolikan Mangaluru masu yaren Konkani ne, kakannin yawancinsu daga Goa suka sauko, kuma ba su yar da al'adun gida ba. A jajibirin aure ake zaunar da ango, dangi su yi layi suna shafa masa mai da madarar kwakwa, tsofaffin mata na rera waƙoƙin da suke kira voviyo, sannan a kai shi wanka. A gidan amarya kuma gangamau ake shafa mata, a yi mata lalle. Ina tsaye sai kamu da wankan amarya na gida suka faɗo mini. A ganina nan ne gidajen biyu suka fi kama da juna, fiye da duk abin da aka tsara da gangan.

Bikin Hindu da safe aka yi shi, a daidai sa'ar da mai duban taurari ya tsayar, kuma wannan sa'ar ba a jiran kowa. Za ka cire takalmi in za ka matsa kusa da rumfar. Akwai wuta a tsakiya, ango ya ɗaura wa amarya sarƙar mangalsutra, su taka taku bakwai tare. Kai baƙo ne, kujerarka ta ishe ka, ba wanda zai ce ka yi wata ibada. Na coci da yamma ne, gajere, don irin wannan aure galibi ba a haɗa shi da jibin Ubangiji, wato babbar ibadarsu ta gurasa da ruwan inabi. Amarya ta shigo da farar riga, wajen liyafa kuma aka sauya mata jan sari da suke kira sado.

Maganar ciki ita ce babba. Abincin rana na gidan amarya ba nama ko kaɗan, a kan ganyen ayaba aka zuba, na ci hankalina kwance. Da dare labari ya sha bamban. Na ga wata jar miya mai kauri kamar ta hanta, har na ɗauki cokali, sai ƙanen ango ya riƙe hannuna. Ashe sorpotel ne, naman alade, kuma shi ne abin alfaharinsu a biki. Ana kuma zagayawa da giya a ƙananan kofuna lokacin yi wa ma'aurata fatan alheri. Ka gaya wa abokinka tun yanzu, ka tsaya kan kifi, wanda garin bai rasa ba, da sanna, wata wainar shinkafa mai laushi, amma ita ma ka tambaya, don wasu da bammi suke kwaɓa ta.

Kaya kuwa, sa kaftaninka da hula, ka dai kauce wa baƙi ƙirin. Ni ranar na sha hoto kamar ni ne angon. Gudunmawa a ambulan ake bayarwa, a ɗora rupi ɗaya a kai, kamar 501 ko 1001.

Kuma kada ka gudu da an gama cin abinci. Can ƙarshe ake miƙa amarya ga dangin miji, uba ya sa hannunta a cikin nasu. Mahaifin amaryarmu, wanda duk ranar bai ce uffan ba a coci, a nan ya fashe da kuka, sai baban ango ne ya rungume shi ya raka shi har mota.