Tambaya da Amsa: Ina Gawar Sarauniya Hetepheres?

Tambaya: Malam, da gaske ne an sami kabarin mahaifiyar Fir'auna Khufu ba gawa a ciki?

Amsa: Gaskiya ne, 'yar'uwa. Hetepheres matar Fir'auna Sneferu ce, ta rayu wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1925 ayarin George Reisner, masanin binciken kayan tarihi, ya gano kabarinta a Giza ta ƙasar Masar, gabas da babbar dalar ɗanta, a ƙasan rami mai zurfin kusan mita 27 da aka cike da duwatsu.

Katakon gadonta da kujerar da ake ɗaukarta a kai duk ya ruɓe, sai zinaren da aka lulluɓe su da shi ya zube a ƙasa. Da an yi gaggawar kwashewa, da an yi asara. Sai da aka rubuta mazaunin kowane guntu, sannan aka iya sake haɗa kayan.

A 1927 aka buɗe akwatin gawarta na farin dutse, wayam! Amma kayan cikinta na nan cikin wani akwati mai gida huɗu, wasu har lokacin suna jiƙe a ruwan kanwa. Reisner ya yi hasashen ɓarayi ne suka fasa kabarinta na farko a Dahshur, aka kwaso abin da ya rage zuwa Giza.