Mahaɗai 500 a kan naira dubu 80: mu saya?

Tambaya: Ina kula da harkar talla a wani ƙaramin bankin al'umma a Tudun Wada. Wani ya ce zai sa shafuka 500 su ɗora mahaɗin (link) da ke kaiwa shafinmu cikin mako biyu, a kan naira dubu 80, wai mu hau sama a Google. Mu biya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Kafin komai, ce masa ya turo maka adireshin ashirin daga cikin shafukan, ka buɗe su da kanka. Abin da aka saba tararwa shi ne shafi ɗaya na tallar caca, maganin ƙarfin maza da rancen gaggawa a jere, da Turancin da ba mutum ya rubuta ba. Google ya fara farautar irin wannan tun 2012 da tsarinsa na gano mahaɗan bogi mai suna Penguin, kuma daga Disambar 2022 yawanci yakan soke darajar mahaɗan ne kawai, wato ka biya kuɗin iska. In abin ya yi muni, ma'aikatansa su hukunta shafin da hannu, sanarwa ta shigo Search Console (inda Google ke ba masu shafi rahoto), sai ka koma bin masu shafukan ɗaya bayan ɗaya kana roƙon a cire.

Ku kuma naku ya fi na mai sayar da atamfa nauyi. Google na sa shafukan kuɗi da na lafiya a rukunin da yake tsananta wa bincike, don kuskure a nan na taɓa aljihun mutane. Sannan mai sayar da mahaɗi shi ke zaɓar kalmomin da za a latsa. In ya rubuta "rance nan take ba jingina" alhali ba haka sharuɗɗanku suke ba, sunanku ne a jiki, kuma ƙa'idojin kare abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya (CBN) na 2019 sun hana tallar da ke yaudara.

Tambaya: To daga ina ake samun mahaɗai na ƙwarai?

Amsa: Daga lasisinku za ku fara. Duba yadda aka rubuta sunan bankin a jerin CBN da na NDIC (hukumar inshorar ajiyar banki), ka daidaita shi harafi da harafi a shafinku da Google Business Profile (bayanan kasuwancinku da ke fitowa a Google). Jerin hukuma ba lallai ya ɗauki mahaɗi ba, amma shi mai son tantance bankinku ke fara dubawa. Daga nan sai ƙungiyoyin da kuke biya wa kuɗin mamba: NAMB, ƙungiyar ƙananan bankuna ta ƙasa, da KADCCIMA, cibiyar 'yan kasuwa mai shirya baje kolin Kaduna. In kun kama rumfa a can, ko kun ɗauki nauyin taro a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU), ku nemi a sa adireshin shafinku, ba tambari kaɗai ba. Nan ake yawan yin sakaci.

Wanda ya fi daɗewa yana aiki shi ne bayanin da wasu ke buƙatar nunawa. Rubuta da Hausa yadda murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da aka amince) ta bambanta da rance mai ruwa, da lissafi a fili na ɗan tireda a Kasuwar Barci da ke son firiza. Ko ka bayyana cewa tun 2024 NDIC na lamunce ajiyar kowane mutum a ƙananan bankuna har naira miliyan 2. Sa sunan jami'in da ya duba rubutun da ranar sabuntawa, sannan ka aika wa 'yan jarida da ƙungiyoyin gama-kai. Rubutu biyu ko uku a wata sun isa, amma kada ka sa ran ganin canji kafin wasu watanni.

Tambaya: Wata jarida ta ce in biya a buga labarin kamfaninmu na rance ta waya, da mahaɗi a ciki. Ya halatta? (Daga Unguwar Rimi)

Amsa: Hajiya, ya halatta, amma talla ce. Dole a sa wa mahaɗin alamar rel="sponsored" ko nofollow, wadda ke gaya wa Google kada ya lissafa shi, don haka ba zai ɗaga ki a Google ba; masu karatu kike saya. Tambayi jaridar adadin masu shiga shafinta daga Arewa kafin ki yi ciniki. Rubutun ya bi ta hannun jami'in bin ƙa'ida na kamfaninku, a kai shi tantancewar ARCON, hukumar kula da talla, kuma ki tabbata rajistarku da FCCPC, hukumar kare masu saye, tana nan daram kafin a buga.