Wurlitzer 1015 ko Seeburg M100: wacce ta fi daɗin sauti?

Tambaya: Malam, ina sha'awar tsofaffin akwatunan kiɗan nan na Amurka da ake jefa wa tsaba su zaɓo faifai da kansu. Tsakanin Wurlitzer 1015 da Seeburg M100, wacce ta fi sauti da ingancin inji?

Amsa: Ɗan'uwa, wajen kyan gani babu kamar 1015. Paul Fuller ne ya zana ta, ta fito a 1946 da bututun gilashi masu kumfa na hawa cikin fitilu kala-kala. Amma ni dai Seeburg zan ce ka saurara.

Leƙa cikin 1015 ka gani. Faifai 24 ne a kwance, kowanne a tirensa. In an zaɓi waƙa, tiren ya goto gefe, farantin juyi ya taso daga ƙasa ya ɗaga faifan zuwa ga allura. Fuska ɗaya kawai take bugawa. Faifan kuma irin na garmaho ne mai juyi 78 a minti, da wannan shuu ɗin nasa a bayan waƙa, ga hannun allura mai nauyi da ke cin faifan a hankali. Muryarta na da kauri da daɗi, sai dai siraran amo su kan nutse.

A ƙarshen 1948 kamfanin Seeburg ya kawo samfurin M100 na farko, wato M100A. Faifai 50 ne a tsaye, injin na bin dogo a gefensu, ya tsaya daidai wanda aka zaɓa, ya zaro shi ya buga a tsaye, ko wace fuska kake so. Waƙa 100 ke nan. A 1950 M100B ta koma ƙaramin faifan roba mai juyi 45 da kamfanin RCA Victor ya fitar a 1949, ga kan allura mai maganaɗisu na kamfanin Pickering. Nan sauti ya washe sosai.

Duk da haka, Seeburg ɗin da kwandansarta (ƙananan sassan da ke tara wuta a cikinta) suka tsufa, girisinta ya daskare, gurnani za ta yi maka. Sai ka ji ta da kunnenka kafin ka biya.

Ka kuma tuna an ƙera su ne don wutar Amurka mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce. Taransfoma zai rage ƙarfin wutar, amma waƙa za ta riƙa jan ƙafa har sai an gyara saurin motar lantarkin da ke juya faifan.