Re: Barci ya ƙi zuwa tun da na koma aikin dare a Jidda

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce kana tashi daga baƙala, wato shagon kayan masarufi, bayan asuba amma barci ya ƙi, to ba aljanu ba ne wallahi, haske ne.

Akwai wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa, girmansa kamar ƙwayar shinkafa, likitoci na ce masa finiyal, shi ke sarrafa sinadarin melatonin mai sanar da jiki dare ya yi. Shi kansa ba ya ganin haske, ido ne ke kai rahoto wa agogon ƙwaƙwalwa, agogon kuma ya aika masa saƙo ta jijiya. In duhu ya yi sai wasu ƙwayoyin halittar gado su farka, musamman wadda ake kira AANAT mai taimakawa wajen haɗa melatonin, a jikin ɓera ma aikinta yakan ninka fiye da sau 100 da dare, abin mamaki. Da haske ya bugi ido kuwa sai melatonin ya sauka, kuma farin haske mai shuɗi-shuɗi irin na fitilun shago da waya shi ya fi dukansa.

To kai dare guda kana ƙarƙashin fitila, ka fito kuma ranar Jidda ta tarbe ka. Ni na sha wannan a Makka lokacin Ramadan, sai da na manna baƙar leda a taga, ina sa baƙin gilashi a hanyar gida, waya kuma ƙarƙashin filo. In abin ya daɗe dai ka leƙa mustashfa, wato asibiti.